John von Neumann: Mutumin da Ya Hango Tsutsar Kwamfuta

An haifi John von Neumann a birnin Budapest na ƙasar Hangari ranar 28 ga Disamba 1903. Tun yana yaro ya yi fice a lissafi. Mahaifinsa, wanda ma'aikacin banki ne, ya so ɗansa ya karanci abin da zai ci abinci da shi, don haka ya tafi Zurich ya karanci injiniyancin sinadarai. Duk da haka bai bar lissafi ba, ya samu digirin digirgir a kansa a Budapest a 1926, yana ɗan shekara 22.

A 1930 ya tafi Princeton ta Amurka, inda daga 1933 ya yi aiki a cibiyar bincike ɗaya da Albert Einstein. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga aikin ƙera bam ɗin nukiliya a Los Alamos. A 1945 ya rubuta rahoton da ya bayyana yadda za a ajiye umarni da bayanai wuri ɗaya a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Kusan duk kwamfuta da wayar da muke riƙewa a kan wannan tsari aka gina su. Amma idan umarni yana zaune kamar sauran bayanai, to ana iya kwafarsa kamar su.

Daga nan wata tambaya ta dame shi: shin na'ura za ta iya haifar irinta? A laccocin da ya gabatar a Jami'ar Illinois a 1949, ya nuna cewa za ta iya, muddin tana ɗauke da rubutaccen bayanin kanta, da sashen da ke gini bisa bayanin, da wanda ke kwafar bayanin ya miƙa wa sabuwar na'ura. Burinsa fahimtar yadda rai ke yaɗuwa, bai taɓa rubuta manhajar ɓarna ba. Ciwon daji ya yi ajalinsa a Washington ranar 8 ga Fabrairu 1957, yana da shekara 53. Arthur Burks ne ya kammala rubutunsa, aka buga a 1966.

Tsutsar kwamfuta ita ce muguwar jikar wannan tunani: manhaja ce da ke kwafar kanta, ta bi hanyar sadarwa daga kwamfuta zuwa kwamfuta ba tare da kowa ya aika ta ba. A Nuwamba 1988, tsutsar da ɗalibi Robert Morris ya saki ta durƙusar da dubban kwamfutoci a Amurka. A Mayun 2017, WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Birtaniya, alhali tun watan Maris kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran da ke toshe kafar da ta bi.

'Yan'uwa ɗalibai, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu riƙa sabunta manhajar kwamfuta da waya da zarar gyara ya fito. Mu saka manhajar kariya, mu bincika filas kafin mu buɗe shi a ɗakin kwamfutar makaranta, mu guji lambar sirri mai sauƙin canka, kuma mu ajiye kwafin ayyukanmu a wani wuri dabam.