Otto Loewi da Zuciyar Kwaɗo

Idan damina ta sauka, tabkunan Bader Gula suka cika, kwaɗi sukan kwana suna kuka. Yara suna jifansu da hoge, manya kuwa ko kallonsu ba su yi. Amma da zuciyar kwaɗi biyu ne wani malami ya gano yadda jijiyoyin jiki suke isar da saƙo. Abin da ya gano ya buɗe hanyar samun magungunan ciwon taɓin hankali. Sunan wannan malami Otto Loewi.

Ƙuruciyarsa

An haifi Otto Loewi ran 3 ga watan Yuni na shekarar 1873, a birnin Frankfurt cikin ƙasar Jamus. Iyayensa Yahudawa ne, ubansa ɗan kasuwa ne. Shi Otto ya so ya karanta tarihin zane-zane, amma iyayensa suka nace sai ya koyi aikin likita. Ya bi maganarsu, ya shiga jami'a a 1891. Da farko bai maida hankali ba, da ƙyar ya ci jarrabawa. Daga baya ya dage, ya gama karatunsa a birnin Strasbourg a 1896.

Ya kama aiki a babban asibitin garinsu. A can ya ga masu tarin fuka da masu ciwon huhu suna ta mutuwa, don a zamanin nan babu maganin waɗannan cututtuka. Abin ya dame shi ƙwarai. Sai ya bar aikin asibiti, ya koma ɗakin bincike, don ya san yadda jiki yake aiki da yadda magani yake aiki cikin jiki. A 1898 ya tafi jami'ar Marburg. A 1902 ya ziyarci Landan, inda ya haɗu da wani saurayi mai bincike, Henry Dale, suka zama aminai. A 1909 aka naɗa shi babban malamin ilimin magunguna a jami'ar Graz, cikin ƙasar Ostiriya.

Gardamar masana

A jikin mutum akwai jijiyoyin jini, akwai kuma waɗansu jijiyoyi farare kamar zare, masu kai saƙo. Idan ƙaya ta soke ka a ƙafa, su ne suke gaya wa ƙwaƙwalwa. Su ne kuma suke kawo umarni ka janye ƙafar. Saƙon yana gudu cikin jijiya kamar wutar lantarki cikin waya. To, amma a ƙarshen jijiya akwai wata ƴar tazara tsakaninta da naman da take kai wa saƙo. Yaya saƙo yake ƙetare wannan tazara? Masana da yawa suka ce lantarkin ne yake tsallakawa. Kaɗan suka ce jijiyar tana zubo wani sinadari. Ba wanda ya iya kawo hujja.

Mafarki da gwaji

Loewi da kansa ya ba da labarin yadda ya sami hujjar. Wani dare yana barci, sai dabarar wani gwaji ta zo masa. Ya farka, ya rubuta ta a guntuwar takarda, ya koma barci. Da gari ya waye ya kasa karanta rubutun nasa. Ya yini yana ƙoƙarin tunawa, abin ya gagara. Dare na biyu, wajen ƙarfe 3, dabarar ta dawo. Wannan karo bai tsaya neman alƙalami ba, ya tashi ya nufi ɗakin bincikensa.

Ga abin da ya yi. Zuciyar kwaɗo takan ci gaba da bugawa bayan an cire ta, muddin an sa mata ruwan gishiri. Loewi ya ciro zuciya biyu. Ta farko ya bar ta da jijiyar da take rage gudun zuciya, ta biyu kuwa ba jijiya. Ya taɓa jijiyar ta farko da ƴar wutar lantarki, sai bugunta ya ragu. Sa'an nan ya ɗebi ruwan da ke cikinta, ya zuba wa ta biyu. Nan take ita ma bugunta ya ragu, alhali ba a taɓa ta da lantarki ba. Ashe jijiyar ta zubo wani abu cikin ruwan, abin nan shi ne ɗan aike. Ya sake gwajin da jijiyar da take ƙara gudun zuciya, sai ruwan ya sa zuciya ta biyu ta ƙara sauri. Ya buga wannan sakamako a 1921.

Ba kowa ya yarda nan da nan ba. Waɗansu sun gwada abin bai yi musu ba. Loewi ya yi shekaru yana maimaita gwajin. A 1926, shi da mataimakinsa Ernst Navratil suka nuna cewa ɗan aiken nan sinadari ne da ake kira asetilkolin, wanda Henry Dale ya riga ya yi bincike a kansa tun 1914. Sun kuma gano cewa jiki yana da abin da yake rushe sinadarin da zarar ya isar da saƙo. Waɗansu magungunan ƙwari da ake fesawa a gona suna hana wannan rushewa. Shi ya sa wanda ya shaƙe su da yawa yakan yi ta zubar da miyau, jikinsa yana karkarwa, numfashi yana yi masa wuya. A 1936 aka ba Loewi da Dale kyautar Nobel tare.

Kurkuku da hijira

A watan Maris na 1938 sojojin Hitler suka shiga Ostiriya. Aka kama Loewi da ƴaƴansa maza biyu, ba don sun yi laifi ba, sai don su Yahudawa ne. Yana da shekara 64. A kurkuku ya ji tsoro kada a kashe shi binciken da yake cikin yi ya ɓace. Ya roƙi takarda da abin rubutu, ya rubuta sakamakon a taƙaice, ya sa aka aika da shi ga wata mujallar kimiyya. Bayan kamar wata biyu aka sake shi. Kafin a bar shi ya fita daga ƙasar, sai da aka tilasta masa ya miƙa kuɗin kyautarsa ta Nobel. Ya isa Ingila hannu wofi. Ya koyar a Beljiyam da Ingila, sa'an nan a 1940 ya tafi Amurka, ya ci gaba da bincike a jami'ar New York. A can ya rasu ran 25 ga Disamba 1961, yana da shekara 88.

Amfanin aikinsa

Bayan Loewi, masana suka gano cewa ƙwaƙwalwa ma da irin waɗannan ƴan aike take aiki, kuma suna da yawa. Akwai dofamin, akwai serotonin, da sauransu. Tunani da barci da farin ciki da tsoro duka suna da hannunsu a ciki. A 1952, likitoci biyu na asibitin Sainte-Anne a Paris, Jean Delay da Pierre Deniker, suka gwada wani magani mai suna kulorpuromazin ga masu taɓin hankali. Da yawa daga cikinsu suka natsu, waɗansu har suka koma gida. Daga baya aka gane cewa maganin yana rage ƙarfin saƙon dofamin ne.

Taɓin hankali yana da dalilai da yawa: gado, da baƙin ciki mai tsanani, da shaye-shaye, da rauni a kai. Magani kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da kulawar dangi. Amma ƙwaƙwalwa gaɓa ce ta jiki, takan yi ciwo kamar yadda huhu ko ciki suke yi. Saboda haka mai taɓin hankali majinyaci ne. Bai kamata yara su bi shi da jifa da ihu ba, bai kamata a ɗaure shi da mari a bar shi a rana ba. Abin da ya dace shi ne a kai shi gidan likita, a Dakoro ko a Maraɗi, a duba shi.

Ma'anar kalmomi

Sinadari: abin da ake haɗawa a sami wani abu, kamar gishiri ko kanwa.
Tazara: ɗan filin da ke tsakanin abu biyu.
Hujja: abin da yake tabbatar da gaskiyar magana.

Tambayoyi

1. Me ya sa Loewi ya bar aikin asibiti?
2. Don me zuciya ta biyu ta rage gudu?
3. Me Loewi ya yi da yake cikin kurkuku?
4. Yaya ya kamata a riƙe mai taɓin hankali a garinku?