WALIYYI FARANSIS NA SALES: MAI KARE BANGASKIYA DA TAWALI'U

Ranar 24 ga Janairu ta kowace shekara Ikilisiya Katolika takan yi bikin tunawa da Waliyyi Faransis na Sales. Tarihinsa ya shafe mu ƙwarai, domin a ƙauyukanmu na wajen Rimin Gado da sauran sassan Diyosis na Kano, sau da yawa akan sami gida ɗaya wanda wa ɗan Katolika ne, ƙane kuwa na wata ɗarika. A gona da kasuwa da wurin biki akan tambaye mu: me ya sa kuke girmama Maryamu? Me ya sa kuke furta zunubi ga Fada? Me ya kawo gicciye da siffofi cikin majami'arku? Wannan waliyyi ya gamu da irin waɗannan tambayoyi shekaru fiye da 400 da suka wuce, ya kuma bar mana gurbin yadda za a amsa su.

An haifi Faransis ranar 21 ga Agusta 1567 a Thorens, cikin ƙasar Saboyi, wadda yawancinta ke cikin Faransa a yau. Shi ne ɗan fari a gidan sarauta, mahaifinsa kuwa ya yi niyya ya zama babban alƙali. Saboda haka aka aika da shi Paris wurin Fadanni 'yan Jesuwit, daga nan ya wuce jami'ar Padua a Italiya, inda ya sami digirin dakta a fannin shari'a.

Yana ɗalibi a Paris ne babban gwaji ya same shi. A zamanin ana ta muhawara a kan ko Allah ya riga ya ƙaddara wa wasu mutane wuta tun kafin a haife su. A ƙarshen shekarar 1586 tsoro ya kama shi cewa yana cikin waɗanda aka yashe, har ya rame, barci ya gagare shi makonni da dama. Wata rana cikin Janairu 1587 ya shiga wata majami'a, ya durƙusa gaban siffar Budurwa Maryamu, ya miƙa kansa ga Allah, ya ƙudura zai ƙaunace shi ko mene ne zai same shi. Nan take zuciyarsa ta kwanta. Tun daga wannan rana bai ƙara kallon mai shakka da raini ba, gama shi ma ya ɗanɗana zafin shakka.

Ko da yake mahaifinsa bai so ba da fari, an naɗa Faransis firist ranar 18 ga Disamba 1593. A lokacin, birnin Jeneba yana hannun mabiyan Yohanna Kalbin, bishop na Jeneba kuwa yana zaune a garin Annecy domin ba shi da ikon shiga birninsa. Akwai wani yanki mai suna Chablais a bakin tafkin Jeneba, wanda mutanen Bern suka ci da yaƙi a 1536 suka mai da shi na Furotesta. Daga baya yankin ya koma hannun Sarkin Saboyi, amma jama'a sun yi kusan shekara 60 ba su ga Misa ba. Da Bishop Claude de Granier ya nemi wanda zai je can, sai Faransis ya ba da kansa. Ranar 14 ga Satumba 1594 ya shiga Chablais tare da ɗan'uwansa, Fada Louis de Sales, su biyu rak. Mahaifinsa ya hana shi guzuri, yana zaton hakan zai sa ya fasa.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Saboda hatsari, sai ya riƙa kwana a sansanin soja na Allinges, da safe ya gangara da ƙafa zuwa Thonon, babban garin yankin, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Manyan gari suka haɗa baki cewa ba wanda zai je sauraronsa. Wata da watanni yana wa'azi ga 'yan mutane ƙalilan.

Da ya ga jama'a ba za su zo ba, sai ya ce bari maganar ta je ta same su. Daga farkon 1595 ya fara rubuta gajerun takardu, ana kwafarsu, ana zura su ta ƙarƙashin ƙofofi, ana manna wasu a bango. Kowace takarda takan ɗauki magana guda: wa ya aiki mai wa'azi, da wane iko yake koyarwa, dangantakar Littafi Mai Tsarki da al'adar Manzanni, matsayin Bitrus da magadansa, sakramentai, addu'a domin matattu. Ya yi rubutun da harshen da kowa ke ji, ya kafa hujjarsa da Littafi Mai Tsarki, wanda su ma suka yarda da shi. Ya karanta littattafan malamansu da kansa, don kada ya ɗora musu abin da ba su faɗa ba. Bayan rasuwarsa aka tattara takardun suka zama littafi.

Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Sannu a hankali wasu suka fara zuwa wurinsa da dare, wasu suka laɓe suna sauraro. A Kirsimati na 1596 ya yi Misa a fili cikin majami'ar Thonon. A 1597, bisa umarnin Paparoma Klement na 8, ya shiga Jeneba ya gana da Theodore Beza, tsohon da ya gaji Kalbin. Sun yi magana cikin mutunci, Beza bai sake ra'ayi ba, Faransis kuma bai zage shi ba. Zuwa 1598 yawancin mutanen Chablais sun komo Katolika. Tarihi ya kuma nuna cewa a wannan shekara Sarkin Saboyi ya sa ƙarfin mulki, ya kori waɗanda suka ƙi komowa. Wannan halin zamanin ne. A 1965 Majalisar Batikan ta Biyu ta koyar sarai cewa ba a tilasta wa kowa a sha'anin bangaskiya, a 1964 kuma ta kira sauran masu baftisma 'yan'uwanmu cikin Ubangiji. Abin da ya dawwama daga aikin Faransis shi ne takardunsa da halinsa.

Ranar 8 ga Disamba 1602 aka naɗa shi Bishop na Jeneba. Ya gane cewa rashin sani ne ke buɗe wa ɓata ƙofa, saboda haka ya dage a kan horar da firistoci, shi da kansa yakan zauna ya koya wa yara katakisim a Annecy. Ya ɗauki wani kurma mai suna Martin a gidansa, ya koya masa bangaskiya da alamun hannu. A 1609 littafinsa a kan rayuwar ibada ya bazu, inda ya nuna cewa tsarki na kowa ne, manomi da soja da uwargida, kowa a cikin sana'arsa. A 1610 shi da Waliyya Jane Frances de Chantal suka kafa ƙungiyar Sistoci ta Ziyarar Maryamu. Ya rasu a Lyon ranar 28 ga Disamba 1622 yana da shekara 55. Paparoma Iskandari na 7 ya sa shi cikin waliyyai a 1665, aka ba shi matsayin Malamin Ikilisiya a 1877, a 1923 kuma Paparoma Pius na 11 ya sa shi majiɓincin marubuta da 'yan jarida.

'Yan'uwa, wanda bai san katakisim ba, in aka tambaye shi, ko dai ya sunkuyar da kai ko ya fusata, duka biyu kuwa ba su amfani Ikilisiya. Katekistoci da Zumuntar Mata da matasa, ku keɓe lokaci bayan sujada ku ɗauki tambaya guda, ku buɗe Littafi Mai Tsarki, abin da ya gagara ku kai wa Fada. Wasiƙar Bitrus ta fari, sura 3, ta umarce mu mu kasance da amsa a shirye, mu kuma ba da ita cikin tawali'u da ladabi. Mai tambayarka maƙwabcinka ne, gobe tare za ku yi gayya, tare za ku yi jana'iza. Shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma.

Waliyyi Faransis na Sales, yi addu'a dominmu. Amin.