Likita Mila na Zariya: Himmar da Ba Ta Huce Ba

A ikilisiyoyin Shanga, Yawuri da Ngaski akwai Kambari, Gungawa da Dukawa, kowa da harshensa, amma ran Lahadi da Hausa ake karanta Maganar Allah. Mutane nawa ne suka san wanda ya sha wahalar wannan aiki tun farko?

An haifi Dokta Walter Miller a Ingila a 1872. Ya karanta likitanci a Landan, amma zuciyarsa na ƙasar Hausa. Tun bai taka ta ba, ya tafi Tarabulus ya koyi Hausa wurin Hausawan da ke can. A 1900 ya iso Kano tare da Bishop Tugwell da abokan aikinsu na CMS. Sarkin Kano Alu ya ce su bar masa gari. Suka koma Girku, inda cuta ta addabe su, har suka binne ɗayansu, Dudley Ryder. Da ɗoki ne kawai ya kawo shi, da nan zancen ya ƙare, gama ɗoki wutar kara ce.

A 1905 ya zauna cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin magani. Waɗanda suka ba da gaskiya ba su da yawa, shekara na bin shekara. Duk da haka makarantar nan ce asalin ta Wusasa, wadda ta yaye Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa.

Kada mu ɓoye, himmarsa tana da zafi. Ya sha saɓani da Turawan mulki, har da 'yan'uwansa mishan. Da aka mai da mishan Wusasa a 1929 bai ji daɗi ba, gama shi cikin birni yake so a zauna, a tsakiyar mutane. Sai ya koma Kano, garin da aka kore shi, ya duƙufa kan fassara. Tare da taimakon malamai Hausawa da wasu 'yan mishan, aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932, shekara 32 bayan korar nan.

Bai taɓa aure ba. Bayan ya ajiye aiki ya tafi Ingila, amma zaman bai yiwu ba, ya komo. Ya rasu a Bukuru, kusa da Jos, a 1952.