Robert Leiper: Malamin da ya bi sawun kurkunu da tsargiya

An haifi Robert Thomson Leiper a Kilmarnock ta ƙasar Sikotilan a 1881, ya karanci likitanci a Jami'ar Glasgow. A 1905 Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan ta ɗauke shi aiki, inda ya shafe sama da shekara 40 yana koya wa ɗalibai bambance tsutsotsin jikin ɗan Adam da ƙwayayensu a madubin likita.

A shekarar ce ya je Akara, ya tabbatar cewa kurkunu na shiga jiki ta shan ruwa mai ɗauke da wasu ƙananan ƙwari. A 1915, a Masar, ya nuna cewa tsutsar tsargiya na hayayyafa cikin katantanwar ruwa, kafin ta huda fatar mai wanka. Ya rasu a 1969.

Wannan ilimi ne tushen tace ruwan sha, matakin da ya taimaka wa Najeriya rabuwa da kurkunu a hukumance a 2013. Tsargiya kuwa tana nan a kududdufan karkarar Katsina, kuma tabbatar da ita na buƙatar ma'aikacin ɗakin gwaji da ya san ƙwanta a fitsarin yaro.