Nana Asma'u 'Yar Shehu, Uwar Gidadawa

Idan masana tarihi suna lissafta gidajen sarautar ƙasar Sakkwato, galibi ta wajen maza suke bin salsala, watau 'ya'yan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo irin su Muhammadu Bello da Abubakar Atiku da Muhammadu Buhari wanda ya zauna Tambuwal. Amma akwai babban gida guda wanda ta wajen mace ya sadu da jinin Shehu, shi ne gidan Waziran Sakkwato, macen kuwa ita ce Nana Asma'u.

An haife ta a Ɗegel wajen shekarar 1793. Mahaifinta Bafillace ne daga Toronkawa, zuriyar Musa Jakollo wanda ya taso daga Futa Toro. Mahaifiyarta Maimuna 'yar'uwar Shehu ce ta jini. Tagwaye aka haifa, ita da Hassan, amma maimakon Husaina sai Shehu ya raɗa mata suna Asma'u. Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, saboda haka matan Shehu suka rene ta.

Tana da kamar shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu cikin 1804, ta sha wahalar yunwa da tafiya tare da jama'a har Alƙalawa ta faɗi a 1808. A cikin waɗannan shekaru aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda ya zama Wazirinsa. Ɗansu Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa, daga nan sarautar Waziri ta zauna a hannun Gidadawa. Marigayi Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, daga zuriyarta yake. 'Yan'uwanta mata su ma sun ɗaure wasu gidaje da gidan Shehu: Faɗima ta auri Sarkin Yaƙi Aliyu Jeɗo, Maryam kuwa ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo.

Sai dai asali kaɗai bai isa ya ɗaukaka sunanta haka ba. Ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ayyukanta da suka tsira sun kai sittin. Bayan jihadi ƙauyuka sun cika da matan da ba su sami karatu ba, waɗansu kamammun yaƙi ne, da yawa kuma suna bin bori. Asma'u ta ga in ba a koyar da uwaye ba, abin da aka yi yaƙi dominsa ba zai wuce zamani guda ba. Sai ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai natsuwa ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa da jan ƙyalle. Jaji takan jagoranci tsofaffi da 'yan mata zuwa wurinta, su haddace waƙoƙin tauhidi da salla da kyawawan ɗabi'u, sa'an nan su koma su koya wa matan aure a gidajensu.

Ta ga rasuwar Shehu a 1817, da ta Bello a 1837, ta kuma yi wa Bello da mijinta Giɗaɗo marsiyya. Ita kuma ta rasu wajen 1864, aka binne ta a Hubbaren Shehu, Maryam ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru. Allah ya jiƙanta da rahama, amin.