Sarki Joji na Biyar da Jam'iyyar Masu Tara Kan Sarki

A da, kowane malami, ko a Gwarzo yake ko a Lakwaya, ya saba da manna kan sarki a wasiƙa, amma ba kowa ya san an yi Sarkin da ya shahara wajen tara shi ba. Shi ne Joji na Biyar, Sarkin Ingila. An haife shi a 1865, ya ci sarauta a 1910, ya rasu a 1936. Hotonsa ne a kan sarkin Nijeriya ta Arewa na 1912, da wanda aka buga bayan an haɗa Kudu da Arewa a 1914.

A London akwai wata jam'iyya ta masu tara kan sarki da aka kafa a 1869. A zamaninsa kuɗi kaɗai ba sa shigar da mutum cikinta. Sai wani ɗan jam'iyya ya gabatar da shi, wani ya goyi baya, sa'an nan a zaɓe shi. Wanda kuwa sayar da kan sarki ne sana'arsa, ba a karɓarsa kome saninsa, don kada majalisar bincike ta koma kasuwa. A ganinmu wannan doka ta yi tsanani, gama daga hannun dillalan nan manyan jam'iyyar suke samun yawancin abin da suke taƙama da shi.

A 1893, tun yana ɗan sarki, suka ba shi matsayin mataimakin shugaba don girmamawa. Shekarar nan ya yi aure, 'yan jam'iyya suka yi masa gudummawa da kundi mai kan sarki wajen 1,500. Ya zama shugaba a 1896, bai sauka ba sai da ya hau gado, ya koma uban jam'iyya. Cikin shugabancinsa, a 1906, mahaifinsa Sarki Edward na Bakwai ya yarda jam'iyyar ta ɗauki laƙabin gidan sarauta.

Shugabancin nan ba na suna ba ne kawai, shi ma gwani ne. A 1904 ya sayi wani shuɗin kan sarki na tsibirin Morishas, na 1847, fam 1,450, alhali kwabo biyu ne a rubuce a jikinsa. Da aka buɗe takardar sunayen gwanayen wannan fanni a 1921, shi ya fara sa hannu. Ya rasu ya bar jajayen kundaye 328.