Muhammad bin Tughluq, sarkin Delhi da ya ce tagulla ta zama azurfa

A cikin sarakunan Musulmi da suka mulki Indiya, kaɗan ne suka kai Muhammad bin Tughluq ilimi, kaɗan ne kuma suka wahalar da talakawa kamarsa.

Mahaifinsa, Ghiyasuddin Tughluq, shi ya kafa wannan gidan sarauta a Delhi a 1320. Ya rasu a 1325 bayan wata rumfar katako ta rufta masa, sai Muhammad ya gaje shi. Sabon sarkin masani ne a Farisanci da Larabci da lissafi da falsafa. Matafiyin nan na Maroko, Ibn Battuta, wanda daga baya ya ratsa Takedda ta Nijar ta yau, ya yi masa alƙalanci a Delhi, ya kuma shaida yawan kyautarsa da saurinsa wajen zubar da jini.

A 1327 ya mayar da fadar mulki Daulatabad, mai nisan fiye da kilomita 1,000 kudu da Delhi, domin ya kusanci yankunan da aka ci da yaƙi. Aka tilasta wa manyan ma'aikata da malamai da attajirai ƙaura da iyalansu, da yawa suka halaka a hanya. Bayan 'yan shekaru aka koma Delhi.

Wajen 1330 ya buga sulallan tagulla, ya umarci a karɓe su a darajar tanka, kuɗin azurfar ƙasar. Sai dai kwaikwayonsu ba shi da wuya, don haka mutane suka shiga buga su a gidajensu, suna biyan haraji da jabu, suna ɓoye azurfarsu. Fatake suka ƙi karɓa, ciniki ya tsaya cik. Tilas sarki ya janye su, baitulmali ya musanya su da azurfa da zinariya, ya tafka mummunar asara.

Ƙarin harajin da ya ɗora wa manoma ya haɗu da fari, suka bar gonakinsu. Tawaye ya ɓarke ta ko'ina: Madurai ta ɓalle a 1335, a 1347 kuma Daulatabad kanta ta kuɓuce masa da kafuwar daular Bahmani.

Ya rasu a watan Maris na 1351 kusa da Thatta, a Pakistan ta yau, yana farautar wani ɗan tawaye. Magajinsa, Firuz Shah, ya biya diyya ga waɗanda ya zalunta, ya karɓi takardun yafewarsu, ya ajiye a cikin akwati a kabarinsa.